Fiton da Ba Ya Cikin Inji

Yaya Malama,

Ranar Talata da safe na ga Kawu yana sauraron injin da yake a kashe. Abin da ya sa na nemi takarda ke nan.

Af, ban ma gaishe ki ba. Ki yafe min, kin san karatun taubashin naki bai yi nisa ba. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yar lelenki, da ɗaliban da kike fama da su. Mu nan lafiya lau. Goggonki tana gaishe ki, gwiwar ce dai ke taɓa ta in ta daɗe a zaune. Na sha kiranki a waya ba ki ɗauka ba, na kuma san ba ni kike gudu ba, duk wani kira daga gida ne kika daina ɗauka. Shi ya sa na ba direban da ke kai katako garinku wannan takarda.

Kin san yadda mahaifinki yake aiki. A wurin tsaga katakon nan Likita ake ce masa, don in inji ya yi ciwo ba ya kwance shi sai ya saurare shi. Sai ya ɗauko doguwar sukudirebar nan mai jan mariƙi, ya ɗora bakinta a jikin inji yana cikin aiki, ya manna mariƙin a kunnensa, ya rufe ido, ya ɗaga hannu ɗaya kowa ya yi shiru. Can sai ya ce boris ne, ko bel ne ya saki. A buɗe a tarar haka ne. Tun kafin a haife mu haka yake yi, kunnensa a jikin janareto, babban zarto yana ihu a gefensa. Abin toshe kunnen da Oga ya raba mana, nasa a ƙusa yake rataye. Ya ce likitan da ya toshe kunne me zai ji.

To tun watannin baya ya fara cewa akwai fito a cikin babban injin, siriri, kamar na butar shayi in ta tafasa. Ya canza boris, fito yana nan. Ya canza bel, ya sa giris, fito yana nan. Gajere mai zarto ya ce shi fa bai ji komai ba, Kawu ya ce, "Ai kai kunnenka na ado ne." Har rana guda aka tsayar da aiki aka zazzage injin kaf, Oga yana tsaye yana huci, ba a sami komai ba.

Ranar Talatar nan man inji ya ƙare, ba a tayar da komai ba. Wurin tsit, har ana jin takun tantabaru a saman kwano. Na shigo da tsintsiya zan share garin katako, sai na hango shi durƙushe gaban injin, sukudireba a kunne, hannu a sama. Ya yafito ni ya ce, "Zo ka ji, ɗan nan. Yau ma ya fi fitowa." Na ce, "Kawu, ai a kashe yake." Bai ji ba. Na zagayo gabansa na maimaita. Ya dubi bel ɗin da ba ya motsi. Ya ɗora tafin hannunsa a jikin ƙarfen, sanyi ƙalau. Ya sauke sukudirebar a hankali, ya fita tsakar fili inda babu komai kusa da shi, ya sa yatsu ya toshe kunnuwansa biyu. Ya daɗe a haka. Da ya dawo, abin da ya ce kawai, "Ashe tare muke yawo da shi."

Yaya, fiton a cikin kansa yake. Tun ranar nake lura. In Goggonki ta yi masa magana daga baya ba ya juyowa. In an cika a bencin mai shayi sai ya tashi, in ma ya zauna, sai kowa ya gama dariya shi yake fara tasa. Ƙaramar wayarsa tana cikin akwatin kayan aiki. Can baya da kike kira, in sunanki ya fito, kallonta yake yi har ta katse.

Ban san abin da ya shiga tsakaninku ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ga ya kamata ki sani.

Taubashinki,
Ɗan Goggo

*

Ɗan Goggo,

Takardarka ta iso tana ƙanshin katako. Muna lafiya, yarinya ta warware sarai har ta koma makaranta. Ka gaida Goggo, ka ce ta rage zaman ƙasa. Rubutunka kuwa ya gyaru, da a ajina kake da ka tsira daga bulala da kyar.

Ka ce ba ka san abin da ya shiga tsakaninmu ba. Bari ka ji. Lokacin da aka kwantar da yarinyar nan a asibiti, jikinta kamar garwashi, maigidana ya yi tafiya, ni kaɗai a baranda, wa zan kira in ba Baba ba? Inna ta rasu, shi ya rage min. Na kira ina kuka, na faɗa masa komai. Sai kawai ya ce, "To, to, a gaida mutan gida," ya kashe. Ba kuma ranar aka fara ba. In maigidana ya kira shi hira suke yi har da dariya, da an miƙo min waya sai to, to. Daga ranar asibitin na daina kira, na kuma hana maigidana.

Dama tun da na karɓi aikin nan na nesa bai so ba. Ya ce je ki, amma ko tasha bai raka ni ba.

Yanzu ka rubuto min wai yana jin fito a injin da ke kashe. Mutumin da kunnensa ke jiyo abin da ma babu shi, shi ne bai ji kukan 'yarsa ba? Yaushe kurma ya fara zaɓen wanda zai ji, ya ji suruki ya bar 'yar cikinsa? Kai da hannunka ka rubuta cewa in ya ga sunana kallon wayar yake yi har ta katse. Na karanta layin nan har na haddace shi. Wannan ba ciwon kunne ba ne, kunnen uwar shegu ne.

Na san halinka, ko kaji ka gani suna faɗa sai ka shiga tsakani. Amma ni kada ka shafa min zuma a baki. In ba shi da lafiya ku kai shi asibiti, haƙƙinsa ne a kanmu. Ni dai an nuna min matsayina.

Yayarka

*

Yaya Malama,

Ina gaishe ki da gida duka. Kin ji ni shiru, an canza wa direban hanya ne, ni kuma ban so in rubuto miki zato ba. Goggonki lafiya, gwiwa da sauƙi. Ta yi kuka da ta ji zancen kwanciyar yarinya, don babu wanda ya sani a gidan nan. Ki riƙe wannan, zan dawo kansa.

Kai Kawu asibiti ya fi tayar da tsohon janareto wuya. Sai da Goggonki ta ce in bai je ba ita ma ta daina shan maganin gwiwa, a ga wanda ya fi taurin kai a 'ya'yan uwarsu. Muka je wurin masu duba kunne. Likitar mace ce. Ta sa shi a wani ɗan ɗaki kamar akwati, ta ɗora masa abin saurare a kunne, ta ba shi maɓalli ta ce duk sanda ya ji ƙara ya danna. Ina kallonsa ta gilashi. Da farko yana dannawa da ƙarfinsa kamar mai cin jarrabawa. Can sai na ga tana ta murɗa abinta, shi kuwa yana zaune ido rufe, yana jira a ci gaba.

Bayan nan ta zauna dab da shi ta yi bayani a hankali, yana kallon bakinta, inda ya kuɓuce masa in maimaita. Ga shi yadda kaina ya ɗauka. Can ciki, bayan dodon kunne, akwai wani abu a naɗe kamar katantanwa, a cikinsa da ruwa da wasu 'yan gashi da ido ba ya gani. Su ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su. Ta ce kamar ciyawa ce, in an taka ta sau ɗaya takan miƙe, amma inda ake bi kullum hanya yake zama, kuma waɗannan in sun mutu ba sa sake tsirowa. Masu fara mutuwa su ne masu kama siririn sauti, irin kukan tsuntsu da muryar yara da ta mata. Murya mai kauri ta fi daɗewa ana jin ta. A waya abin ya fi muni, don babu bakin da zai kalla. Na ce mata, wato zai iya jin surukinsa ya kasa jin 'yarsa? Ta ce sosai ma, ba a kansa aka fara ba.

Fiton kuwa, ta ce in kunne ya daina aika saƙo, ƙwaƙwalwa takan ƙirƙiro tata ƙarar a gurbin. Ba iska ba ce, ba taɓin hankali ba ne. Kawu ya ce, "To ta ina ake kwance shi?" Ta ce, "Ba a kwancewa, Baba." Ya ce, "Babu na canji?" Ta yi murmushi, ni ban iya ba. Ta ce akwai na'urar da ake maƙalawa ta ƙara masa ji, za a gwada masa, amma ba za ta dawo da abin da ya tafi ba. Abin da ya rage shi za a tsare, ya bar kusantar inji.

A hanyar dawowa muka zauna a wata inuwa nesa da titi, na fuskance shi na faɗa masa zancen kwanciyar jikarsa. Sai da na maimaita, ba don bai ji ba. Ya ce, "Yaushe?" Na faɗa. Ya ce, "Ranar nan kuka take yi?" Ya ce shi in kin kira, abin da yake ji kamar iska a cikin bututu, da ɗan motsin murya can ƙasa. Ya ɗauka fushin tasha kike yi da shi, kina magana ciki-ciki don ki hora shi. Kunya ta hana shi ce miki ba ya ji, shi da kunne ya ba shi suna. Sai ya riƙa cewa to, to, don kada ya amsa abin da ba shi aka tambaya ba. Wani lokacin tsoron ɗauka ma yakan kama shi. Layin da kika haddace ke nan. Na rubuta miki abin da hannunsa ya yi, ban rubuta miki fuskarsa ba.

Oga ya mayar da shi sito, wurin kayan gyara, nesa da zarto. Gajere ke duba inji yanzu. In inji ya canza murya sai ka ga Gajere ya waiga wajen sito, sannan ya tuna. Ni ma in mun tashi aiki kunnena yakan yi ɗan fito kafin ya lafa, don haka na sauko da abin toshe kunnen Kawu daga ƙusa na sa. Suna ce min matuƙin jirgi. Su yi ta faɗa, gemun ɗan'uwana na gani yana ci da wuta.

Ki zo, Yaya. Ido da ido, a ɗaki shiru, yana kama magana. An ce zumunta a ƙafa take, ta Kawu yanzu sai an haɗa da fuska.

Taubashinki,
Ɗan Goggo

*

Ɗan Goggo,

Muna lafiya, ina fatan kuna lafiya, da Goggo da kowa. Ka yafe min daɗewar da na yi ban amsa ba. Takardarka tana jakata, in na fito daga aji in karanta in mayar. Na tambayi uwar wata ɗalibata da ke aikin asibiti, ta ce duk abin da likitar ta faɗa haka yake. Ranar ban iya koyar da komai ba. Na nemi hutu an ba ni ƙarshen wata, na sauko da akwati, yarinya tana ta tsalle za ta ga kakanta.

Sai zuciya ta ce min bari in ji muryarsa tukuna. Ko bai ji ni ba ai ni zan ji shi. Ka san sunan mahaifiyarsa aka sa min, bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Na ce in ya faɗi wannan kaɗai ya ishe ni guzuri. Ranar Asabar da safe na kira, lokacin da na san ba ku tayar da inji ba. Aka ɗauka. Na ce Baba. Shiru. Na ce Baba, ni ce. Na yi ta magana, na ba shi haƙuri, na faɗi abubuwan da ban taɓa faɗa masa ba. Ko tari bai yi ba. Sai wani ƙwas-ƙwas kamar ana taɓa wayar da ƙarfe, aka kashe. Ni ma na kashe tawa na jefa ƙarƙashin filo.

Ciwon kunne ai ba ya ɗaure baki. Ya ga sunana, ya ɗauka, ya ƙi cewa uffan. Da to, to ɗin ma ya fi.

Akwatin yana nan buɗe a tsakar ɗaki, ban cika shi ba, ban mayar ba. Ba zan ɗauko yarinya mu yi wannan doguwar tafiya a juya mana baya a ƙofar gida ba. In kana wurin ka faɗa min abin da ya faru, ba gyara, ba kwaskwarima. Kuma ka faɗa min wanda ya gani bayan kai, don kai in dai a shirya ne kana iya rantsewa wuta sanyi gare ta.

Yayarka

*

Yaya Malama,

Lafiya lau muke, Goggonki ma haka, Allah ya sa ku ma. Direban ya gama ɗaure kaya yana min hon, ba zan ja gaisuwa ba.

Ina wurin. Muna bakin sito ana shan shayi kafin a tayar da janareto, wayar ta yi ƙara a cikin akwatin kayan aiki. Bai ji ba, ni na nuna masa. Ya buɗe ya ga sunanki. Na zaci kallon nan zai yi. Sai ya goge hannunsa a riga ya ɗauka. Ya kai ta kunnen dama, ya mayar hagu, ya girgiza kai. Gajere ya miƙa hannu ya danna masa abin da ke fito da murya fili, muka ji kina cewa Baba. Shi kuwa fuskokinmu yake bi da kallo, yana neman abin da muka ji. Ki yi haƙuri, mun ji abin da ba namu ba. Mai shayi ma juya baya ya yi yana wanke kofin da ya riga ya wanke.

Sai Kawu ya ajiye wayar a kan benci. Ya ɗauko sukudirebar nan mai jan mariƙi, wadda bai sake taɓawa ba tun ranar Talatar can. Ya durƙusa ya ɗora bakinta a jikin wayar, ƙwas ɗin da kika ji ke nan. Ya manna mariƙin a kunne, ya rufe ido, ya ɗaga hannu. Kin san in hannun nan ya tashi ko Oga ba ya tari. Kin kuma san shi kansa ba ya magana in yana saurare. Duk rayuwarsa haka ya san ana sauraron abin da ake so a gano ciwonsa. Na buɗe baki zan ce miki yana nan, amma hannun yana sama, ba a taɓa keta shi ba a wurin nan.

Kina ta magana yana ta matsar da bakin ƙarfen, nan, can, yadda yake neman boris. A nan ne ƙarfen ya zame ya danne jan maɓallin. Bai san ta katse ba. Ya ci gaba da saurare, Yaya, kamar ranar injin, sai da na taɓa kafaɗarsa.

Ya ce, "Ita ce. Na ji motsinta a ƙarfen. Me ta ce?" Na fuskance shi na ce, ta ce Baba. Ya ce, "Sai me?" Na ce, ta ce ka yafe mata. Ya ce, "Ni zan yafe? Ita ta yi kuka ban ji ba." Sai ya sunkuya kan wayar ya ce, "Uwata, ina nan." Ya faɗa, Yaya. Latti kawai ya yi. Na kira ki nan take, taki a kashe.

Cikin maganarki kin ambaci ƙarshen wata, na faɗa masa. Ban ce masa akwatin ya tsaya ba. Tun ranar ya share ɗakin Innarki, na ƙuryan nan da ba a jin titi. Ya sa kujeru biyu suna fuskantar juna, ya yi ta jan ɗaya har hasken taga ya sauka a kanta. Ya zaunar da Goggonki ta yi ta magana yana duba ko yana ganin bakinta sosai, har ta ce ita fa ba inji ba ce da za a yi ta gwaji a kanta. Taki ce kujerar. Jiya ya roƙi Gajere guntayen katako ya haɗa wata 'yar ƙarama ya ajiye a gefenta. In kin zo kada ki ɗaga murya, ihu ba ya taimaka masa. Ki dube shi kawai, ki yi a hankali.

Kin ce in faɗi wanda ya gani. Gani ya kori ji, ki zo ki tambaye su da kanki. Gajere ya gani, shi da bakinsa ba ya hutawa, ranar har aka tashi bai tsokani kowa ba. Mai shayi ya gani. Maigadi ya gani, yana tsaye da makulli a hannu ya manta ƙofar da zai buɗe. Oga ya gani daga bakin ofis, ya hana a tayar da janareto sai da Kawu ya miƙe don kansa. Direban da zai miƙa miki takardar nan ma yana wurin, ki tsare shi ki tambaye shi kafin ya juya mota. Ke ma kina wurin, Yaya, a kan benci, a tsakiyarmu.

Taubashinki,
Ɗan Goggo